Rabon masu gida

Gidan da muka kama haya a Damazin, a ƙasar Sudan, shi ne na farko da na ga bahon wanka na siminti, da wani ɗan makunni mai juya ruwa daga famfo zuwa dush, wato shawa. Makunnin kullum yana ɗiga.

Wata rana bayan la'asar Baba ya rufe ruwan gidan, ya kwance makunnin, ya zaro tsohuwar robar da ta cinye. Ni na yanko masa sabuwa daga tsohon silifas ɗina. Har yau ina jin warin tsatsa da danshin wurin.

Ya ɗaure, ya sako ruwa. Ɗigon ya tsaya cak.

Habboba, kakata, ba ta yarda a yi magana cikin makewayi, don ta ce wurin yana da masu shi. Daga bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa Baba, "Ya waladi, ɗana, kafin mu zo, wa kake zato yake shan ruwan da ke ɗiga?"

Baba ya yi dariya. Bai rufe baki ba muka ji ƙwanƙwasa daga cikin bango, a hankali, kamar baƙo mai kunya. Ya ce iska ce a bututu. Sai aka sake, wannan karon daidai kunnena.

"Ka bar musu rabonsu," in ji Habboba.

Baba ya miƙa hannu. Ya sassauta makunnin, ɗigon ya dawo, bangon ya yi shiru.

Yanzu na san iska tana buga bututu. Amma famfon makewayina yana ɗiga, kuma na hana kowa ya taɓa shi.