Ranar da Baba Ya Bar Teku

Ina 'yar firamare aka yi wa Baba walimar ajiye aiki a Doha. Tun kafin a haife ni aikinsa shi ne shigo da manyan jiragen ruwa tasha. Ƙaramin jirgi ne ke kai shi cikin teku, ya hau tsanin igiya, ya tsaya kusa da kyaftin yana nuna masa hanya.

Ranar an sha jawabi da tafi. Wani babba ya rungume shi, ya miƙa masa ɗan jirgin tagulla a cikin gilashi.

Da muka fito bayan la'asar, bai nufi gidanmu da ke unguwar Matar Qadeem ba, sai ya tsayar da mota a bakin ruwa. Can nesa wani jirgi na shigowa. Ya daɗe yana kallonsa.

Na ce, "Baba, gobe wa zai shigo da su?"

"Akwai yara, Uwata. Na koya musu."

"To kai fa?"

"Khalas, shi ke nan. Aiki ya ƙare, takardar zama ma ta ƙare. Ki fara haɗa littattafanki, Katsina za mu koma."

Na ce ai ni a nan aka haife ni. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Na ƙanƙame gilashin nan mai sanyi a cinyata, na yi kamar ban gani ba.

Bai ƙara ganin teku ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Kukansa kaɗai da na taɓa gani ke nan, kuma har yau ban gaya wa Mama ba.