Juye Kafin a Miƙa Makulli

Bakanike ya yaye tamfol ɗin, ƙura ta tashi ta shige masa hanci. 'Yar motar tana nan yadda ya san ta, fara, mai shan dizal, da lotsawarta a ƙofar baya. Tun rasuwar matarsa bai ƙara kallon inda take ba. Ko ta gefenta zai wuce, sai ya kawar da kai.

Yau ya yanke shawara. Kyauta zai ba ƙaninsa Auta motar.

Wa ya fi shi cancanta? Ranar da abin ya faru Bakanike ba ya gari. Wata babbar mota ce ta lalace a hanya mai nisa, aka zo ɗaukarsa. Da safiyar nan a gurguje ya yi wa motar juye, ya zuba sabon mai, ya ɗaura sabuwar filtar mai a bushe, masu jiransa suna ta danna ham a bakin ƙofa. Ko tayar da ita bai samu ya yi ba. Ya cusa wa Auta makulli a hannu.

"Ka bar ta ta ɗan yi aiki kafin ka ja, man ya zagaya. In asmar matata ta tashi, kada ka jira kowa, ka kai ta asibiti."

Asmar kuwa ta tashi. Kafin ya dawo an binne matar tasa. Auta ne ya ba shi labari yana kuka: yadda ya cicciɓe ta ya kwantar a kujerar baya, yadda ya yi gudun da bai taɓa yi ba a kan wannan hanya tasu mai ramuka, yadda numfashinta ya ɗauke ana hango ƙofar asibiti. Wannan labari shi ya riƙe Bakanike duk watannin nan. Aƙalla an yi ƙoƙari. Aƙalla ba ta tafi ita kaɗai a ɗaki ba.

Ya buɗe ƙofa ya zauna don ya ja bonet. Kujerar daidai tsawon ƙafarsa, shi da ya fi Auta tsawo nesa ba kusa ba. Yaron kirki, in ji shi a ransa, har kujera ya mayar masa. Ya murɗa makulli. Shiru, batir ya mutu. To, a juye man da sanyinsa.

Auta yana tsaye can jikin bango, hannu a aljihu.

"Yaya, don Allah ka bar wahalar nan. A haka ma na gode."

"Ka taɓa ganin na ba mutum mota ba juye? Mai ya kwana ya tashi a ciki wata da watanni. In inji ya buga a hannunka, ni za a zaga, ba kai ba."

"Sai in kai ta wani garejin daga baya."

"Ka kai wa waɗancan mahautan? Miƙo sifana, malam."

Ya ɗaga ta da jak, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi. Notin mazubar man ya kwance ba gardama. Man ya fara zuba cikin roba a hankali, da kauri, a inuwar da ba a ganin komai sosai. Ya tuna yadda matarsa take masa tsiya idan ya fito daga ƙarƙashin mota. Wai ita mutum ta aura, aka kawo mata gawayi. Shi kuma sai ya ce laifin dizal ne, don injin dizal da an ɗan zagaya da shi sai ya mai da sabon mai baƙi ƙirin. Ya goge idonsa da bayan hannu, ya fito.

Saura filta. Ya tara tsumma a ƙasanta kamar kullum, don man da ke cikinta kan kwararo wa mutum har gwiwar hannu. Ya murɗa, ta fito.

Tsumman bai jiƙe ba.

Ya jinjina ta a tafinsa. Ba nauyi. Ya kifa ta, ya girgiza, ya leƙa ciki. Sannan ya durƙusa ya jawo robar nan zuwa cikin rana.

"Yaya," in ji Auta. "Yaya, tsaya ka ji."

Bakanike bai ɗago ba. Man da ke cikin robar garau yake kamar zuma, filtar kuma a bushe take ƙayau, yadda ya ciro ta daga kwalinta. Tun safiyar da ya ɗaura ta da hannunsa, ko sau ɗaya ba a tayar da motar nan ba, balle a kai wata asibiti.