Lambobi Biyar na Ƙari

"Ma'auninku lamba uku yake nunawa, ina kuka samo takwas?" Malam ya buga rahotonmu a tebur. "Ku sake gwajin gobe, ko ku haƙura da rabin maki."

Na juya wajen abokiyar gwajina. Tun farkon zango na kasa faɗa mata abin da ke raina, ga shi da an gama wannan gwajin za a sauya abokan aiki, a raba mu.

"Wallahi 2.47 na rubuta na tsaya!"

"Na sani, sarkin lissafi," ta ce ƙasa-ƙasa, tana danne dariya. "Sauran biyar ɗin ni na ƙara. In na jira bakinka, sai mu tsufa."

Na miƙe har ina ture kujera.

"Malam, za mu sake! Jibi ma muna nan!"