Faifan da Ba Ya Saɓa Umarni

Da safe aka iske ma'ajiyar kamfanin da ke intanet fayau. Jiya da yamma wani ya goge aikin manhaja na shekara huɗu bisa kuskure. Manaja ta dafe kai.

"Kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe," in ji injiniya, yana shafa faifan ajiyar da ke teburinsa. "Na umarce shi kullum da asuba ya mayar da kansa daidai da abin da ke can. Bai taɓa fashi ba."

"Har da asubar yau?"

Injiniya ya buɗe faifan. Ya daɗe yana kallo.

"Har da yau," ya ce. "Ko ɗigo bai bari ba."