Ƙararrawar da Ba Wanda Ya Ƙera

Ranar wata Asabar ce bayan la'asar, a gidanmu na Bawku, daga ni sai Baba. Muna kallon kashin ƙarshe na wani katun ɗin Japan mai aljanu, a faifan da na saya wurin Issaka a kasuwa.

A farkon labarin, wani tsoho ya miƙa wa yaro ƙararrawar da ke mayar da mutum zamanin baya. A ƙarshe sai ga hoton nan ya dawo sak.

Baba ya ce, "Ai mun ga wannan. Issaka ya zuba maka na farko sau biyu."

"A'a, Baba. Yaron ne ya tsufa, ya koma baya ya ba kansa."

"To wa ya ƙera ƙararrawar?"

Baba ɗan kasuwa ne, ta kan iyakar ƙasa a Kulungugu yake shigo da kaya, kuma ba ya taɓa hajar da ba a san asalinta ba. Ya ce, "Akwai kashin maƙerin, cire shi aka yi. Ɗauko takalminka."

Duk hanya ina addu'ar kada su yi rigima, domin rumfar Issaka kaɗai ke da irin waɗannan faya-fayan. Issaka ya rantse haka Japanawa suka yi shi. Baba ya ce, "Ka je Japan ɗin ne?"

Har yau in labari ya haɗe sumul, nakan yi zargin an cire wani abu.

A ranar dai Issaka ya canza mana faifai, ƙarshen bai canza ba. Baba ya hana ni zuwa rumfarsa.