Jirgin Karan Dawa

Ina ɗan shekara tara, tun Turawa ba su tafi ba, jirgin sama ya ratsa ta kan rugarmu a bayan Gwandu. Ranar na wuni ina ƙera nawa da karan dawa, ina kafa fukafukan da ƙayar aduwa. Na manta ban ɗaure maruƙa ba. Da shanu suka dawo kiwo da la'asar, maruƙan suka tsotse nonon tas.

Baffa, mahaifina, bai ɗauko sanda ba. Tsugunawa ya yi ya ce, "Wanga abu shina tashi?"

Na ce, "Zai tashi, Baffa."

"To jefa mu gani."

Na jefa, ya faɗi a gaban ƙafarsa. Ya ja ni wurin jar saniyarsa, ya ce in miƙa mata jirgin da hannuna. Ina riƙe da wutsiyar jirgin ta tauna fukafukan.

Ya ce, "Shi dai ya yi amfani. Saura kai."

Shekara talatin na yi ina aikin injin jirgi. Na ga ƙasashe, amma ina can nesa aka binne Baffa. Har yau in jirgin da na duba ya ɗaga, ba na jin rugugin injin. Haƙoran saniyar nan nake ji.