Katakon Jirgin Kakana

Shekarar da ambaliya ta cinye mana irin albasa a ƙauyenmu Geza, Baba ya ce ba zai sake yafa iri a fadama ba. Wata la'asar ya janyo tsohon kwalekwalen marigayi kakana bayan gida, ya ɓamɓare katakan, ya kafa su kamar akwati, tsayinsu daidai ƙuguna. Ni nake ɗebo ƙasa da takin shanu a kwano ina zubawa ciki. Har yau ina jin warin katakon nan, ƙarnin kifi da kwalta, ga danshin ƙasa a kai.

Muna cikin aiki sai Inna, mahaifiyar Baba, ta fito tana dogara sanda. Baba ya tsaya cak, don bai nemi izininta ba, kuma ko akuya ba ta bari ta hau jirgin nan.

"Inna, irin da ya rage kaɗan ne," in ji shi, kansa ƙasa. "In ruwa ya sake ci, ba mu da dashe bana."

Ta daɗe tana shafa katakon. Sannan ta miƙo hannu. "Ba ni irin. Ya ciyar da mu bisa ruwa, bari mu gani ko ya iya tudu."

Da kanta ta yafa. Yanzu na girmi Baba na wancan lokaci, kuma duk sanda na tuna yadda ya tsuguna gefenta yana rufe irin da ƙasa kamar ƙaramin yaro, sai in ji sanyi a raina.